Zuga-zugi a kan injin jirgin ruwa: abin da sufacaja take ƙarawa da abin da take ci

Wani Alhaji da muke mutunci da shi ya sayo jirgin ruwa na gudu daga Legas, na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka. Tsawonsa wajen mita 8, jikinsa na faiba, a cikinsa kuma an girke injin fetur mai silinda 8, lita 7.4, wanda takardarsa ta ce yana ba da ƙarfin doki 310. A tirela aka jawo shi har Sakkwato, da niyyar a riƙa kai shi madatsar ruwa ta Goronyo idan ta cika bayan damina. Ba a yi wata biyu ba ya aiko a kira ni. Na same shi a rumfar da aka ajiye jirgin, waya a hannu, yana kallon bidiyon wani jirgi da ke keta ruwa, injinsa na wani siririn kuka kamar busa.

"Injiniya, dubi wanga abu," in ji shi. "Sufacaja sunanta. An ce in an aza ta bisa injin ga, ƙarhinai na ƙaruwa da kusan rabi. Mi kag gani?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba ƙarya aka yi maka ba. Sai dai wanda ya gaya maka ya tsaya a tsakiyar zance."

Ragowar zancen nake so in shimfiɗa a nan, domin bayan Alhaji wasu ma sun yi mini irin tambayar, har da mai injin kwale-kwale.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Maƙera Assada ya ga tushen abin da idonsa. Gawayi yana nan a murhu, wuta na ci a hankali, ƙarfe ko ja bai yi ba. Da yaron maƙeri ya kama zuga-zugi, sai gawayin nan ya yi fari fat, ƙarfe ya yi laushi. Ba a sauya gawayi ba, iska aka tura masa. Inji ma haka yake. Mutane suna ɗauka mai ne yake ba inji ƙarfi, alhali zuba mai ba wuya gare shi. Iskar da za ta ƙona man ita ce ke da iyaka. Kowane giram na fetur yana bukatar giram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, wato lita guda ta mai tana cin iska wajen lita 9,000. Injin Alhaji kuwa, komai ƙoƙarinsa, ba ya iya zuƙar fiye da lita 7.4 a kowane juyi biyu, kuma iskar sarari ce ke tura kanta ciki da nauyinta, wanda bai kai psi 15 ba. Psi ɗin nan shi ne ma'aunin da mai faci yake duba iskar taya da shi.

Sufacaja famfon iska ce da bel yake juyawa daga karanshaf, tana cusa wa silinda iska fiye da yadda zai zuƙa da kansa. Idan ta ƙara psi 7 a kan na sarari, a lissafin takarda iska ta ƙaru da kusan rabi, mai ma sai a ƙara shi da rabi, ƙarfi ya bi su. Daga nan zancen "rabi" ya fito. A aikace ba ya kaiwa haka, domin famfon da kansa yana cin dawakai masu yawa kafin ya juya, iskar da ya matsa kuma tana yin zafi ta rage nauyi. Kashi 30 zuwa 40 cikin 100 shi ne abin da mai hankali zai sa rai.

Dabarar ta daɗe. A 1860 wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, a jihar Indiyana ta Amurka, suka yi rajistar famfon iska mai ƙarafa biyu da ke juyawa suna cusa iska, kuma tanderun narka ƙarfe aka fi amfani da shi a kai, ka ga zuga-zugin ne dai a asalinsa. Har yau ana kiran wannan samfurin da sunansu. Injin dizil na Detroit mai suna 6-71 da shi yake shaƙar iska, shi ne kuma ya tuƙa dubban ƙananan jiragen saukar da sojoji a yaƙin duniya na biyu. Daga jikinsa 'yan tsere suka riƙa ciro famfon suna ɗora wa injin fetur, shi ya sa har gobe ake jin 6-71 da 8-71 a bakinsu. Samfuri na biyu mai sukurori biyu ne da ke murɗe da juna, wanda wani injiniya ɗan Suwidin, Alf Lysholm, ya inganta a shekarun 1930. Yana matse iskar tun a cikinsa, don haka bai kai na Roots zafi ba, irinsa kamfanin Whipple yake yi. Na uku kamar katantanwa yake, da ɗan fanka a ciki mai gudun dubban juyi a minti, irin na ProCharger da Vortech, shi kuma sai inji ya ɗau gudu sosai yake nuna kansa. Turbo ɗan'uwansu ne, bambancinsa hayaƙin salansa ne ke juya shi ba bel ba, saboda haka yakan ɗan yi jinkiri kafin ya kama. Masu jirgin gudu sun fi son mai bel saboda lokacin da jirgi ya fi bukatar ƙarfi shi ne wajen tashi, sa'ad da yake ƙoƙarin ɗaga ƙirjinsa daga cikin ruwa ya hau samansa.

To, a nan ne wanda ya saba da mota yake ruɗuwa. Mota a kan titin Gusau, da ta ɗau gudu, kaɗan daga ƙarfin injinta take amfani da shi. Direba ya taka totur ya wuce tirela, daƙiƙa goma ya saki, inji ya huta. Jirgin ruwa ba shi da wannan hutu. Ruwa ya fi iska kauri sau 800, giya ɗaya ce tak, ba gangara, ba sakin ƙafa a bar shi ya mirgina. Ka ɗauka mota ce da lodi tana hawan tudun da ba ya ƙarewa. Sufacajar da za ta yi shekaru a mota lafiya lau, saboda matsin da take yi na ƙiftawar ido ne, a jirgi za ta riƙe inji cikin matsi minti 20 ko 30 ba sassauci. Duk wani rauni da ke ɓoye a cikin injin, a nan yake bayyana.

Raunin farko zafi ne, kuma shi na fi tsoro a garinmu. Ba wa tayar keke iska ka taɓa gindin famfon, za ka ji ya yi ɗumi; iska in an matsa ta dole ta yi zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Ɗauki iska mai digiri 40 ka matsa ta da psi 7 a famfo irin na Roots, za ta fito tana neman digiri 100, zafin tafasasshen ruwa. Wannan ma idan daga sarari aka zuƙo ta kenan, alhali ɗakin inji a rufe yake, ya fi waje zafi. Wanda ya ɗauki bidiyon da Alhaji yake kallo mai yiwuwa a tafkin da iskarsa ba ta wuce digiri 20 ba yake.

Me zafin yake yi? A ƙa'ida fulogi ne yake kunna cakuɗen mai da iska, wutar ta bazu daga tsakiya zuwa gefe a jere, kamar yadda wuta take cin busasshiyar ciyawa a gona, tana tura fistin ƙasa da lallami. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar cakuɗen da ke can gefe ba ya jiran wutar ta iso, sai ya fashe da kansa gaba ɗaya. Maimakon turi, sai fistin ya sha duka kamar na guduma. Wannan ita ce ƙwanƙwasa, ƙarar da ake ji kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani idan tsohuwar mota tana hawan tudu a babbar giya. A mota kunne yana ji, direba ya sauya giya. A jirgin gudu kuwa ruri na salansa da iska da bugun ruwa sun rufe komai, ba wanda zai ji.

Maigidan da na koyi aiki a hannunsa, Allah ya jiƙansa, yana da wani fistin da ya ajiye a kan tagar gareji, ba ya bari a zubar. Samansa duk ƙananan ramuka ne kamar gara ta ci itace, bakin da ringi yake zama ya ɓalle a gefe guda, a tsakiya kuma ga huda wadda ƙaramin yatsa yake shiga, gefenta a narke kamar kyandir. Duk sabon yaro sai ya ba shi ya riƙe, ya ce, "Ɗana, juya shi da kyau. Wanga aikin minti biyu ne." Daga injin mota mai turbo aka ciro shi, amma cutar ɗaya ce.

Abin da yake hana mai fashewa da kansa shi ake aunawa da lambar okten, kuma a nan akwai wani tarko da na ga masu ilimi ma sun faɗa. Takardar da ke zuwa da sufacajar Amurka takan ce a yi amfani da mai mai okten 91 ko 93. Mutum sai ya ji an ce ai fetur ɗin Najeriya ma wajen 91 ne, ya ce shi kenan, an dace. Ba a dace ba. Ma'auni biyu ne daban. Mu da Turai muna amfani da wanda ake kira RON. Amurka kuwa tana haɗa RON da wani gwaji mai tsanani ta raba biyu, sai lambarta ta fito ƙasa da tamu da maki 4 ko 5. Wato 91 ɗinsu daidai yake da 95 ko 96 a namu lissafin, 91 ɗinmu kuma shi ne 87 ɗinsu, mafi araha a gidan mansu, wanda takardar sufacaja take hanawa ƙiri-ƙiri. A Turai direba yana zaɓa tsakanin 95 da 98. A gidan manmu famfo ɗaya ne, mai iri ɗaya.

Kuma wannan idan man ya zo yadda ya kamata kenan. Ba a manta da gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba, mai sinadarin metanol fiye da ƙima, wanda ya lalata motoci ya haddasa dogayen layuka. A bakin ruwa kuwa sau da yawa ba gidan mai, a jarka ake kaiwa, wani lokaci daga hannun 'yan bumburutu. Sannan jirgin shaƙatawa yakan yi wata uku a ajiye da mai a tanki cikin zafin nan namu, sassan man masu saurin tashi su tsere, ingancinsa ya ragu. Wasu za su ce a zuba ɗan kwalbar nan ta ƙarin okten. A duba da kyau: idan kwalba ta ce tana ƙara maki 3, galibi 0.3 take nufi. Ba za ta mai da 91 ya zama 96 ba.

Akwai gata guda da jirgi yake da shi wanda mota ba ta da shi: a kan ruwa yake zaune. Ana sa wani ƙaramin lagireto tsakanin sufacaja da inji, masanyayin iska, wanda makanikai ke kira intakula, a riƙa zuƙo ruwan kogi ana ratsa shi ta ciki. Yana iya sauke zafin iskar nan ya dawo da ita kusa da zafin ruwan. A ganina, a yanayin Sakkwato, sufacaja ba masanyayi ba abar tattaunawa ba ce ma. Amma wane ruwa za a zuƙo? Tsaya a gadar Kwalkwalawa a watan Agusta ka dubi Rima, jajawur da laka da yashi, ga ciyawa da kainuwa da leda suna bi. Hanyoyin cikin masanyayi ƙanana ne, yashi yana toshe su a hankali, yana kuma cinye robar famfon da ke jawo ruwan. Mugun abin shi ne allurar zafin inji tana iya nuna komai lafiya alhali masanyayin ya toshe, iska mai digiri 100 tana shiga silinda. Dole a sa matacin ruwa mai murfin gilashi wanda ake gani da ido, a sa ma'aunin zafin iskar da ke shiga inji daban, a riƙa sauya robar famfo kowace shekara.

Hunturu ma yana da nasa. Yawancin injinan jiragen nan ba su da matacin iska irin na mota, ragar ƙarfe ce kawai a bakin inda iska take shiga, aikinta hana harshen wuta fitowa, domin waɗanda suka ƙera su ba su san ƙura a kan ruwa ba. Mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu hazo har tsakiyar tafki yake sauka. Tsakanin ƙarafan da ke juyawa a cikin sufacaja tazarar ba ta fi kaurin 'yan takardu ba, ƙurar nan kuma gari ce ta yashi.

Sai batun mai. Inji a cikin matsi ba a ba shi mai daidai wa daida. Ana ƙara masa, wajen kashi 1 na mai ga 11.5 ko 12 na iska, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. Wannan yana nufin manyan nozul, famfon mai mai ƙarfi, tiyo mai faɗi tun daga tanki. Matacin mai guda da ya fara toshewa ya isa ya rage man a daidai lokacin da ake tsananin bukatarsa, fistin ya narke. Ana kuma ja da lokacin tartsatsin fulogi baya kaɗan gwargwadon yadda matsi yake hawa. Duk wannan ƙwaƙwalwar inji ce take yi, birenbos a bakin makanikai, kuma ta asali ba ta san matsin da ya wuce na sarari ba, sai an sauya mata na'urar auna matsi an sake tsara ta. Ba aikin kunne da sukurdireba ba ne. Ana yin sa da kwamfuta, a kan ruwa, da lodin da jirgin zai riƙa ɗauka, da man da za a riƙa zuba masa. Tsarin da aka turo daga ƙetare an yi shi ne da mansu da iskarsu. Muna da ƙwararrun masu gyaran inji a garin nan, ina alfahari da su, amma wannan fanni ne na daban, kuma kuskure ɗaya a cikinsa kuɗin inji guda ne.

Cikin injin kansa fa? Fistin iri biyu ne, na zubi da na ƙira. Na zubi kamar tukunyar da ake narka alminiyom a zuba a mazubi, yana da araha, yana aiki lafiya, amma in ya sha duka tsagewa yake yi. Na ƙira an danne shi ne da matsi mai tsanani, kamar yadda maƙeri yake dukan ƙarfe har ya yi ƙwari, yana jure abin da na zubi ba zai jure ba. Injinan da aka yi don zirga-zirgar yau da kullum galibi na zubi gare su. Masu haɗa inji don sufacaja sukan sa na ƙira, su rage yadda fistin yake matse cakuɗen, ya zama wajen kashi 8 yake matsewa su koma kashi 1, su buɗa bakin ringi kaɗan domin zafi yana sa shi ya miƙe, su sa gaskit da bawul na salansa masu jure wuta. Inji na hannu da ya yi shekara 20, ba a san awa nawa ya yi ba, a ɗora masa ƙarin kashi 40, kamar a ƙara wa tsohon jaki buhu biyu ne don an ga yana tafiya.

Ƙarfin kuma sai ya bi ta wani wuri kafin ya isa ruwa. A bayan jirgin Alhaji akwai ƙafar da ke ɗauke da giya da farfela, samfurin Bravo One na kamfanin Mercury, wanda aka ƙayyade wa doki 400. Doki 310 da ƙarin kashi 40 ya zama 434, ka ga an riga an tsallake. Haƙoran giyar sun fi shan wuya wajen tashi da ƙarfi, da kuma lokacin da jirgi ya yi tsalle a kan igiyar ruwa, farfela ta fita sarari ta yi gudu ba lodi, sannan ta koma ruwa ta cije lokaci guda. Ita farfelar ma sai an sauya ta. Kowace farfela tana da takunta, wato nisan da za ta ci a juyi ɗaya, ana auna shi da inci, kuma ƙarin inci guda yana rage juyin inji da wajen 200 a minti. In takun ya yi kaɗan inji ya wuce iyakar juyinsa. In ya yi yawa inji ya riƙa nishi a ƙasa da inda ya kamata, wannan kuwa ita ce babbar giya a kan tudu, ƙofar ƙwanƙwasa.

Bayan duk wannan ɗawainiya, gudu nawa za a samu? Nan ne na ga fuskar Alhaji ta sauya. A jirgin da ke tafiya a saman ruwa, kafin gudu ya ninka biyu sai ƙarfi ya ninka huɗu. Ƙarin ƙarfi na kashi 40 yana ba da ƙarin gudu na kashi 18 kacal. Jirgin da ke yin kilomita 80 a awa zai koma wajen 95. Mai kuwa ba ya yin wannan rowar. A cikakken totur injin doki 310 yana shan kusan lita 100 a awa. Da sufacaja zai kai wajen lita 160, wato jarka mai lita 25 ba ta kai minti 10. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowa ya san abin da jarka take nufi.

Abu biyu kuma ba na sassautawa a kansu, domin rai ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zuba ƙasa iska ta kwashe, a jirgi kuwa gindin ɗakin inji yake taruwa kamar ruwa a kwano. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a kunna fankar fitar da iska na aƙalla minti 4 kafin a tayar da inji, shi ya sa kuma kik da altaneta na jirgi a rufe suke don kada tartsatsi ya fita. Ƙarin tiyo da ƙarin matsin mai ƙarin wuraren yoyo ne, kuma duk wanda ya sa kayan wutar mota a wurin don araha ya ajiye ashana kusa da tanki. Na biyu, jirgi ba shi da burki. Jikin da aka zana don kilomita 80, in ya haura yakan fara rangaji daga gefe zuwa gefe, sitiyari mai waya kuma ba ya riƙe shi, sai na haidirolik. Goronyo ba fili ba ce da ba kowa. Akwai masunta da tarunsu, akwai tudun yashi da ke sauya wuri idan ruwa ya ja baya, akwai kwale-kwale cike da mutane da kaya wanda bakinsa bai fi tafin hannu daga ruwa ba. Igiyar ruwan da jirgin gudu ya bari a bayansa ta isa ta cika irin wannan kwale-kwale.

Abin da manyan kamfanoni suka yi ma abin lura ne. A 2004 Mercury ta fito da Verado, injin rataye a bayan jirgi mai silinda 6, lita 2.6, da sufacajarsa tun daga masana'anta, kuma ya yi suna ƙwarai. Amma da ta tashi sabunta injinanta na yau da kullum sai ta koma ga girma: mai silinda 8 lita 4.6 a 2018, mai silinda 12 lita 7.6 doki 600 a 2021, mai silinda 10 lita 5.7 a 2022, duk ba sufacaja. Ta bar ta ga injinan tsere, 450R na 2019 da 500R na 2023. Baburan ruwa na Sea-Doo da Yamaha da Kawasaki su ma suna da masu sufacaja, saboda ba su da wurin babban inji. Abin da na fahimta a nan shi ne, inda ake da wuri kuma ake son inji ya daɗe, faɗin silinda ya fi matsi kwanciyar hankali. Inda kuma aka sa matsin, an zana fistin da sanyaya da ƙwaƙwalwa da giya tare da shi tun ranar farko.

Shi kuwa mai kwale-kwalen da ya tambaye ni, amsarsa gajera ce. Injinan da suka cika kogunanmu, irin Yamaha Enduro mai doki 15 ko 40, masu bugu biyu ne, waɗanda ake haɗa musu baƙin mai da fetur. Ba su da bawul. Ƙofofi ne a jikin silinda, kuma ta fitar hayaƙi ita ce take rufewa a ƙarshe. Duk iskar da ka cusa, da man da ke cikinta, ta salansa za su fice. Ko da ma ta zauna, kwale-kwale mai lodi ture ruwa yake yi ba hawa samansa ba, kuma a irin wannan tafiya ninka gudu yana cin ƙarfi wajen sau 8. Na ce masa, "Malam, kuɗin nan ka sai rigunan ruwa da su." Ban faɗa don in sallame shi ba. A Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a hatsarin kwale-kwale a ƙaramar hukumar Shagari, a Agustan 2025 kuma wani da ya ɗauki mutum fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife. Allah ya jiƙansu. Ba wanda ya rasu a cikinsu don inji ya gaza gudu.

Da Alhaji kuwa, na roƙe shi ya bari mu fara auna abin da yake da shi. Muka cire fulogi takwas ɗin muka gwada matsin kowane silinda. Bakwai sun zo kusa da juna, ɗaya ya faɗi ƙasa sosai, bawul ɗinsa na salansa ba ya rufewa da kyau. Na shafa fiffiken farfela da yatsa, biyu a lanƙwashe suke a baki, alamar sun sha yashi. Ƙasan jirgin kuma busasshiyar laka ce da gansakuka sun yi masa ɓawo. A kan ruwa injin da ya kamata ya kai juyi 4,600 a minti da ƙyar yake taɓa 4,000. Wato dawakan da ya riga ya biya kuɗinsu ma ba duka suke aiki ba.

Aka gyara bawul, aka sa sabuwar farfela, yara suka kankare ƙasan jirgin suka wanke. Ranar da muka koma gwaji, allura ta hau 4,500, jirgin ya ɗaga ƙirji cikin 'yan daƙiƙu. Da muka fito bakin gaɓa ya sake ɗauko zancen.

"To Injiniya, sufacajar hwa?"

Na lissafa masa sharuɗɗana: matsi kada ya wuce psi 4 ko 5, masanyayi da matacin ruwa, fistin na ƙira, ƙafar baya mai ɗaukar ƙarfin, sitiyarin haidirolik, mai tsara ƙwaƙwalwa wanda zai zo har Goronyo ya yi aikin da man da muke saya, sannan igiyar kashe inji a ɗaure a hannun matuƙi kullum. Na rubuta masa kuɗin kowanne a bayan takardar gwajin silinda, na sa kuɗin babban inji sabo a gefe don ya kwatanta.

Ya daɗe yana duban takardar, ya ninke ta ya sa aljihu. "Bari ruwa su cika baɗi," in ji shi, "mu ga in har yanzu ina son ta." Sannan ya ce wa direbansa gobe ya biya kasuwa ya sayo rigunan ruwa shida, biyu na yara.